Wa Ya Raba Yaranmu da Bakin Ruwa?

A hutun ƙaramar sallar da ta wuce na kai iyalina gida, wani gari da ke gefen kogin Haɗeja, kuma washegari da hantsi na ja ɗana mai shekara 12 muka tafi gaishe da kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya haura shekara 50 yana sana'ar su, wato kamun kifi. Mun same shi a gindin tsamiya shi kaɗai, ya maƙale bakin kalli, ragar kamun kifi, a babban ɗan yatsan ƙafarsa yana ɗinke wuraren da suka yage. A gefensa akwai wata tsohuwar gora da ta yi baƙi saboda shan ruwa da rana. Yaron ya ɗauke ta yana jujjuyawa, sannan ya tambaya ko a cikinta ake dama fura. Kawu ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi, ya ce: "Abokina, wannan gorar a kanta na yi iyo na ciyar da gida, har kuɗin littafin ubanka a cikinta ya fito." Da na tambaye shi ina yaran suke, sai ya lissafa mini su da yatsu: babban yana tuƙa Adaidaita Sahu a Kano, mai bi masa yana sayar da shayi a Abuja, na uku yana da rumfar cajin waya a tasha, autan kuma yana makaranta, ya kuma rantse ko kwalekwale ba zai taka ba.

Da daddare a majalisa na ba da wannan labari, sai wani dattijo ya yanke hukunci nan take: waya ce ta lalata yaran zamani, ga kuma lalaci da son kuɗin banza. Kowa ya gyaɗa kai, aka wuce zuwa hirar siyasa. Wannan saurin yanke hukunci ne ya tsaya mini a rai, domin na ga yadda muke sauke wa yara kayan da mu muka ɗaura.

Ra'ayina shi ne, matasan da suka juya wa kamun kifi baya lissafi suka yi, kuma lissafinsu daidai ne bisa ruwan da muka gadar musu. Yaran birni kuwa, irin ɗana, ba za a ce sun guji ruwa ba, tunda babu wanda ya taɓa kai su. Laifin namu ne manya, a matsayinmu na iyaye da kuma na al'ummar da ta zuba ido aka kashe kogunanta, kuma asarar da ake yi ta wuce ta kifi.

Zancen waya da lalaci

Ba na musun cewa waya tana cinye lokacin yara, a gidana ma ina fama. Amma a duba ayyukan da 'ya'yan Kawu suka koma. Mai shayi yana tashi tun kafin kiran assalatu, ba ya rufe tebur sai dare ya raba. Mai Adaidaita Sahu yana wuni cikin hayaƙi da ƙura da cacar baki da fasinja, da yamma kuma ya kai wa mai mashin balas ko ya samu ko bai samu ba. Malalaci ba ya barin inuwar tsamiyar ubansa ya tafi irin wannan wahala. Abin da ya kore su shi ne sun ga mahaifinsu ya kwana a ruwa, ya zaga mamarinsa, igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi, da asuba, ya dawo da 'yan karfasa da ba su cika kwano ba, alhali a da, kamar yadda shi da kansa yake faɗa, sai an aika a kira mata da kwanduna.

Waya ta zo ta tarar da gurbi ne ta zauna. Yaron da ke da fatsa a hannu, tana a gwangwani, da abokai uku suna jiran sa a bakin gulbi, ba ya bukatar a ƙwace masa waya kafin ya fita.

Ruwan da muka bar musu

Duk wanda ya tashi a fadama ya san cewa arzikin kifi yana tare da ambaliyar damina. Idan kogi ya cika ya fantsama cikin fadamu, kifi yakan bi ruwan ya shiga ciyayi ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma a wurin da abinci ya yalwata, sannan idan ruwa ya fara janyewa su koma kogi da tafkuna. Wannan zagayen ne ya riƙe masunta daga Haɗeja har Nguru da Gashuwa shekaru aru-aru. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a kan kogunan da ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Madatsun sun yi amfani, Kano tana shan ruwansu, manoman rani na Kadawa da Kura suna cin moriyarsu, ba kuma ina cewa a rushe su ba. Sai dai sun sauya yadda ruwa yake zuwa: ambaliyar da kifi ke jira ta ragu, a maimakonta ruwa kaɗan yana gangarowa har cikin rani, wanda shi ne yanayin da ciyawar kacala take so. Yau kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a wannan yanki, kwalekwale ba ya ratsawa, taru ba ya jawuwa, tsuntsayen jan-baki kuma sun samu maɓoya suna cinye wa manoma shinkafa da gero.

Idan aka nufi gabas labarin ya fi muni. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980 har ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Duk da haka Baga ta ci gaba da cika manyan motoci da banda zuwa kudancin Najeriya, kuma Hausawa masunta daga Kabi da Sakkwato da Haɗeja suna cikin waɗanda suka raya wannan kasuwa. Rikicin Boko Haram ya zo ya tarwatsa ta, musamman bayan harin watan Janairun 2015, kuma an shafe shekaru ana hana kamun kifi da safararsa a ɓangaren Barno da na Diffa. Yaron da aka haifa a Doron Baga ya girma a sansanin gudun hijira a Maiduguri, a wane ruwa zai koyi jefa ragar birgi?

Akwai kuma ɓarnar da masunta suka yi wa kansu, wadda bai kamata a rufe ta don kunya ba. An zuba Gamalin, maganin ƙwari mai guba, a tafkuna an kwashe kifi babba da yaro a wuni ɗaya. An mayar da gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ya zama raga, ana tace 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa, ta kuma ƙayyade girman idon raga, amma ni dai ban taɓa ganin wanda aka tsayar a bakin ruwanmu ana auna ragarsa ba. A da Sarkin Ruwa ne ke rufe tafki, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da ya buɗe, kuma wanda ya karya doka ya san abin da zai biyo baya. An rage wa sarauta ƙarfi, ba a kawo wani abin da ya maye gurbinta ba, ruwa ya zama na wanda ya riga isa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ana wannan ne a ƙasar da ke neman kifi ido rufe. Jami'an gwamnati da kansu sukan ce Najeriya tana bukatar fiye da tan miliyan 3 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce tan miliyan 1 da 'yan kai ba. Shi ya sa a garin da ke bakin kogi za ka ga mai tallan kifin ƙanƙara da aka shigo da shi daga Turai yana ciniki, masunci yana kallo.

"Ai ci gaba ne, gara su yi boko"

Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa, domin ni kaina boko ne ya fitar da ni daga fadama, kuma ba zan zauna a ofis mai fanka in ce ɗan wani ya dawwama a cikin taɓo ba. Amma wa ya ce sai an zaɓi ɗaya? Mu mun yi firamare da safe, mun yi allo da yamma, ranar Alhamis da Juma'a kuma muna bayan manya riƙe da koma, 'yar ragar kamun kifi. Babu abin da hakan ya rage mana a aji. A New Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da kwalejin tarayya ta koyar da fasahar kifi, an kuma kafa irin wannan kwaleji a Baga. Ɗan masuncin da ya san ruwa tun yana ƙarami shi ya fi cancanta da waɗannan kujeru, amma sau nawa aka je gaɓar kogi aka gaya masa cewa akwai su?

Gaskiyar da ba mu son faɗa ita ce mun raina sana'ar. Muna son romon ragon ruwa, muna ƙyamar ƙarnin wanda ya kamo shi. Na san saurayin da aka hana aure a garinmu ba don wani aibu ba sai don an ce gidansu gidan masunta ne, kuma mutanen da suka hana shi suna cikin masu cewa yaran yanzu ba sa son gado. Yaro yana jin irin waɗannan maganganu, yana kuma ajiye su.

Masu cewa kiwon kifi ya wadatar kuwa, ina taya su murna da kududdufan siminti da tankunan roba, sana'a ce mai kyau. Sai dai kusan duk tarwaɗa ce ake kiwo, abincinta kuma ya yi tsadar da ƙaramin mai jari ba ya jurewa. Tanki ba zai ba mu giwan ruwa da bargi da yauni da ƙurungu ba, balle ya koya wa yaro inda gurbi yake a kogi.

Tsoron ruwa

Matata ce ta fara kawo wannan hujja, kuma ba ta da laifi. Ruwa yana ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ke nutsewa a kowace shekara a duniya, yara kuma suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ba mu manta da jirgin da ya kife a yankin Warra ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ba, ko na Bagwai a jihar Kano a ƙarshen Nuwambar wannan shekara, wanda akasarin waɗanda suka rasu a cikinsa ɗaliban Islamiyya ne. Ga tsargiya, wadda a zamaninmu har ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara girma, saboda jahilci. Ga kuma wuraren da a yau ko babba ba ya zuwa bakin ruwa saboda 'yan bindiga, kuma ba zan ce kowa ya kai ɗansa can ba.

Amma a yi tunani a kan abin da tsoron ya haifar. Mun hana yara zuwa ruwa, ba mu kuma hana ruwa zuwa inda suke ba. Kowace damina unguwanni suna cika, ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna zama tafkuna, yara suna satar jiki su tafi wanka ba da sanin kowa ba, kuma a irin wannan fita ce ake rasa su. Gobe kuma za su hau jirgi zuwa biki ko kasuwa ko makaranta. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma ba a koyon sa a tsakar gida. Ni Kawu ne ya koya mini, a wurin da ruwa bai wuce ƙugu ba, ya kifa gora ya ɗora ƙirjina a kai, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin cikina, yana cewa in daina kokawa da ruwa in bar shi ya ɗauke ni. Kafin ya yarda in shiga, sai da ya nuna mini yadda ake gane wuri mai zurfi daga launin ruwa da yadda yake juyawa, da dalilin da ya sa ba a tsayawa a kan gaɓar da ruwa ya ci ƙarƙashinta, da yadda ake kama ƙurungu ta bayan ƙaya don kada ya soke ka. Ranar da minjirya, kifin nan mai ja kamar lantarki, ta ja ni na yi kuka, shi kuwa ya ce yanzu na san ta, ba sai an sake ba ni labari ba. Wannan duk ilimin tsira ne, kuma a bakin mutane irin su Kawu kaɗai yake. Tsargiya tana da magani, ana ma raba shi a makarantu a wurare da yawa, akwai kuma rigar ruwa mai hana nutsewa.

Fita da iyali al'adar Bature ce?

Wani abokina ya ce mini wannan zancen fita da yara shan iska kwaikwayon Turawa ne, mu ba mu gaji haka ba. Da gaskiyarsa ta wani ɓangare. Bahaushe bai saba ɗaukar tabarma da kwandon abinci ya tafi bakin ruwa don ya zauna kawai ba, kuma su a wurinmu sana'a ce, ba abin kashe lokaci ba. Amma hakan ba ya nufin iyayenmu ba su zauna da mu a waje ba. Sun zauna da mu fiye da yadda muke zama da namu, sai dai aiki ne ya haɗa mu: gona, kiwo, kasuwar ƙauye, da ranar su. Duk wanda ya ga ranar da ake buɗe tafki da rani ya san abin da nake nufi. Gari ne ke fita gaba ɗaya, maza da homa da gora, samari da koma, yara suna lalube a gefe suna cika aljihu da 'yan tarwaɗa, mata da 'yan mata a tudu suna fere kifi suna hura wutar banda, masu kiɗa suna zuga gwanaye. A irin wannan wuni ne uba yake gane wane ne mai haƙuri a cikin 'ya'yansa, wane ne mai garaje, kuma a kan hanyar komawa gida ne yaro yake faɗin abin da ba zai taɓa faɗa a zaure ba.

Da aikin ya bar hannunmu sai zaman ya tafi tare da shi, ba mu kuma ƙirƙiro wani abu a madadinsa ba. Uban birni yana fita yara suna barci, ya dawo ya wuce majalisa, ranar hutu kuma ɗaurin aure uku suna jiran sa. Ina cikin masu wannan laifi. Madatsar Tiga ba ta kai tafiyar awa biyu daga gidana ba, amma ɗana ya shekara 12 ban taɓa kai shi ba, sannan na ji kunya da ya kira gorar su gorar fura. 'Yan mata kuwa abin nasu ya fi tsanani, domin yawancinsu daga gida sai makaranta, kamar dai kallon kogi ma wani abin kunya ne.

Argungu ba ta isa ba

Idan aka yi irin wannan kuka sai a nuna Argungu a ce ai al'adar tana nan. Bikin abin alfahari ne. Ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake karewa a 2016. Dubban masunta suna faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora a lokaci guda, kuma a bikin 2020 an kamo kifi mai nauyin kilo 78. Amma a tuna cewa kafin wannan shekara bikin ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba. A kuma tuna dalilin da ya sa ake samun manyan kifaye a wurin: ana rufe wannan yanki na kogi, ba a su a cikinsa sai ranar gasa. Wato abin da ake tafa wa a Argungu shi ne amfanin dokar Sarkin Ruwa, dokar da muka bari ta mutu a sauran wurare. Kabawan da ke nutso su fito da giwan ruwa a hannu ba a ranar biki suka koya ba, tun suna yara suke bin iyayensu. Idan wannan bin ya yanke, mota da kujerar Makka da ake ba gwanayen gasa ba za su ƙera sabon masunci ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Hukumar da ke kula da kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sakin ruwa daga madatsu a lokacin da ya dace da haihuwar kifi, a kuma ci gaba da yashe hanyoyin da kacala ta toshe ba sai an yi ambaliya an yi asara ba. A mayar wa sarakunan ruwa ikon rufe tafki da hukunta mai guba, hukuma ta tsaya musu. Masuntan da suka rage a sama musu hanyar adana kifi, domin mai kifin da zai ruɓe kafin la'asar ba shi da bakin ciniki a gaban dillali. Makarantun da ke garuruwan bakin ruwa su gayyaci tsofaffin masunta su koya wa yara iyo, maza daban mata daban, yadda addini da al'ada suka yarda. Sauran kuma ya rage ga iyaye, kuma ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Kafin mu baro gida na roƙi Kawu ya fita da mu. Ya yanko kara, ya ɗaura zare da ƙugiya, ya sa yaron ya tono tana da kansa a gindin randa, ƙanwarsa mai shekara tara ta ce ita ma sai ta je, uwarsu ta biyo mu tana ta addu'a. Mun yi kusan awa biyu a wata 'yar gaɓa da kacala ba ta kai ga rufewa ba. Yarinyar ce ta kama, wata karfasa da ba ta fi tafin hannunta ba, Kawu ya cire ƙugiyar ya ce ta mayar da ita ruwa domin ba ta isa ci ba. Ta yi ta gardama kafin ta yarda. Yayanta bai kama komai ba, kuma tun daga Haɗeja har Wudil yana tambayata ko tanar ce ba ta da kyau.